Yadda ake rarraba haɗurran jiragen sama da ba su lamba: amsoshin tambayoyin da ake yawan yi

Duk lokacin da aka kawo sababbin ma'aikata su koyi shigar da rahoton haɗari cikin rumbun bayanai, tambayoyin da suke yi iri ɗaya ne, kuma na maimaita amsoshin har na gaji. Na rubuta su a nan domin wanda zai tambaya ya fara karantawa tukuna.

Me ya sa ake ba haɗari lamba, alhali ga cikakken rahoto?

Saboda babu mai iya karanta rahotanni dubu ya riƙe su a kansa. Mai binciken Faransa da na Najeriya da na Indonesiya kowa da harshensa da salon rubutunsa, amma idan dukkansu suka rubuta RE, kwamfuta za ta gane cewa jirgi ya kauce daga kan titinsa ne, ta ƙirga su tare.

Wa ya ƙirƙiro lambobin?

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, da ke Montreal a Kanada, ita ke riƙe da tsarin tattara rahotanni mai suna ADREP tun 1976. A 1999 ta haɗa kwamiti ɗaya da ƙungiyar CAST ta Amurka mai aikin rage haɗurran jiragen kasuwanci, kuma wannan kwamiti, CICTT, shi ya tsara rukunan da muke amfani da su. Manhajar ECCAIRS da ƙasashe da dama ke shigar da bayanai cikinta daga Tarayyar Turai ta fito. Wannan duk yana shafin farko na littafin horo.

Ina lambar da ke nuna laifin matuƙi?

Babu ita, kuma ku daina nemanta. Rataye na 13 na Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ya faɗa ƙarara cewa manufar bincike ɗaya ce, wato hana sake aukuwa, kuma ɗora laifi ko alhaki ba ya cikin aikinsa. Rukunin aukuwa yana faɗin abin da ya faru ne, ba ya faɗin wanda ya jawo shi. Abin da ya shafi ɗan Adam yana da nasa wurin daban, kuma ko a can ba a tsayawa kan matuƙi. Tsarin HFACS da Shappell da Wiegmann suka gina kan nazarin James Reason hawa huɗu gare shi: kuskuren wanda ke riƙe da jirgi, yanayin da ya jefa shi cikin kuskuren kamar gajiya ko rashin jituwa da abokin tuƙi, sakacin masu sa masa ido, sannan tsarin kamfanin kansa. Wanda ya cike hawa na farko ya bar ukun nan fanko ya zalunci mamaci, kuma ya bar matsalar tana jiran matuƙi na gaba.

Babu wanda ya mutu. Shi ma haɗari ne?

Yana iya zama. Jirgin US Airways da ya sauka a kogin Hudson ranar 15 ga Janairun 2009 bayan ya ci karo da garken dinya ya fita da mutanensa 155 a raye, amma haɗari ne cikakke domin jirgin ya lalace. Sharuɗɗan uku ne, ɗaya ya wadatar: mutum ya mutu ko ya ji mummunan rauni, ko jirgi ya yi lalacewar da ta taɓa ƙarfin jikinsa ko iya tashinsa har sai an yi babban gyara, ko kuwa ya ɓata ko ya faɗa inda ba a iya kai wa gare shi. Sannan dole abin ya faru tsakanin lokacin da mutum ya hau da niyyar tafiya da lokacin da kowa ya sauka. Makaniken da ya faɗo daga tsani da dare a rumfar gyara ya ji ciwo, abin tausayi ne, amma ba haɗarin jirgi ba ne.

Mene ne mummunan rauni?

Kwanciya asibiti fiye da awa 48 wadda ta fara cikin kwana bakwai da aukuwar abin, ko karayar ƙashi ban da ƙaramar karayar yatsa ko hanci, ko ƙuna mai tsanani, ko raunin kayan ciki. Wanda ya rasu cikin kwana 30 sakamakon raunin ana lissafa shi cikin matattun haɗarin. Kada ku yi amfani da ganin idonku, ku nemi takardar asibiti.

Abubuwa uku ko huɗu sun faru a jere. Wace lamba zan sa?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a yi, kuma ba ni da amsa guda da za ta dace da kowane rahoto. Abin da ke tabbatacce shi ne tsarin CICTT ya yarda a sa lamba fiye da ɗaya ga aukuwa ɗaya, don haka ba a tilasta muku zaɓen guda ba. Wahalar tana wajen sanin wadda ta cancanta da wadda cushe ce kawai.

Mu ɗauki jirgin alhazan da ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato ranar 11 ga Yulin 1991, DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada da Nigeria Airways ya yi haya, wanda mutum 261 suka rasu a cikinsa. An sallami jirgin da tayoyin da iskarsu ba ta cika ba. Yana gudu a kan titi tayoyi biyu suka fashe, ƙarfen ƙafar ya riƙa gogar kwalta har wuta ta kama, matuƙa ba su sani ba suka tashi suka naɗe ƙafafun, wutar ta shige cikin jirgin ta cinye bututun man birki da na sarrafa fikafikai da wayoyi da daɓen da fasinjoji ke kai, kuma ya faɗi kafin ya kai titin da ya juyo zai sauka. Da ni ke shigar da shi, zan sa SCF-NP, wato lalacewar wani sashe da ba inji ba, sannan F-NI, wutar da ta tashi ba sakamakon faɗuwa ba. Sabon ma'aikaci kuwa hannunsa na rawa zai ƙara LOC-I, kuɓucewar jirgi daga ikon matuƙi a sama, tunda ai a ƙarshe ya kuɓuce. A nan nake cewa a dakata. Ƙa'idar ita ce idan lalacewar ta kai matsayin da babu matuƙin da zai iya riƙe jirgin, ana barin lambar lalacewar ita kaɗai. Idan kuwa jirgin yana tuƙuwa amma ya kuɓuce, sai a sa duka biyun. Dalilin a fili yake: wanda ya zo yana ƙirga LOC-I horon matuƙa yake son gyarawa, kuma babu horon da zai ceci jirgin da wuta ta cinye wayoyinsa.

Jirgin Air France da ya faɗa tekun Atlantika ranar 1 ga Yunin 2009 da mutum 228 yana ɗaya gefen. Ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu na ɗan lokaci, amma jirgin lafiyarsa lau, da an riƙe shi daidai da ya ci gaba da tafiya. An ɗaga hancinsa har fikafikai suka daina ɗaukarsa. Wannan LOC-I ne ba tantama, tare da lambar abin da ya fara jawo ruɗanin. Haka nake kallon jirgin ADC da ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja ranar 29 ga Oktoban 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙansa, yana cikin mutum 96 da suka rasu: juyin iska na bazata ya same shi, don haka WSTRW, sannan martanin da aka mayar bai fitar da shi ba, don haka LOC-I.

To amma kada ku ɗauka koyaushe layin a fili yake haka. Sau da yawa rahoton bai faɗa ko jirgin yana tuƙuwa bayan lalacewar ba, wani lokaci masu binciken kansu sun rabu biyu, wani lokaci kuma baƙin akwatin ya ƙone ko ba a same shi ba. Na ga ƙwararru biyu sun zauna kan rahoto ɗaya sun fito da lambobi daban, kuma kowannensu yana da hujja. Abin da nake yi, kuma ban ce shi kaɗai ne daidai ba, shi ne in rubuta abubuwan a takarda bi da bi yadda suka faru, in tambayi kaina kan kowanne ko rahoton ya tabbatar da shi ko ni ne nake zato, in zubar da na zato, sannan in rubuta jimla ɗaya a gurbin bayani kan dalilin da ya sa na ƙi sa wata lamba. Idan har yanzu ina shakka sai in kai wa wani ya duba ba tare da na faɗa masa ra'ayina ba. Kada hankalinku ya tashi don kun sauya lamba daga baya. Rahoton farko ana so ya fita cikin kwana 30, na ƙarshe kuma cikin wata 12 in ya yiwu, kuma abu ne sananne lambar farko ta canza idan na ƙarshen ya fito. Akwatunan jirgin Air France ɗin nan sai a 2011 aka ciro su daga ƙasan teku.

Jirgi ya daki dutse. CFIT ke nan?

CFIT na jirgin da ya daki ƙasa ko dutse ne alhali bai kuɓuce wa matuƙa ba, don haka sai idan matuƙa suna riƙe da shi lafiya lau har ya daka, kamar jirgin American Airlines da ya afka wa dutse kusa da Cali a Kolombiya a Disambar 1995. Jirgin da ya riga ya kuɓuce sannan ya faɗo ƙasa ba CFIT ba ne. Kowane jirgi da ya faɗi ƙasa yake daka, wannan ba hujja ba ce.

Ban tabbata ba, in sa OTHR?

A'a. OTHR na aukuwar da aka san ta ne amma babu rukunin da ya ɗauke ta. UNK kuma na wadda bayani bai isa a rarraba ta ba, kamar jirgin Malesiya da ya ɓata ranar 8 ga Maris 2014 da mutum 239. Babu ɗayansu da aka tanada don wanda ya ƙi karanta rahoto. Na taɓa buɗe wani rumbu na tarar da jerin rahotanni duk an buga musu OTHR, na buɗe na farko sai ga matuƙi ya rubuta da hannunsa cewa tsuntsu ya shiga injin hagu yayin tashi, har da hoton gashi da jini a bakin injin an liƙa. Lambar BIRD tana nan a jerin, motsa yatsa kawai ake bukata. Manajan filin da ya nemi adadin karo da tsuntsaye zai ga kaɗan ne, ba zai sa a yanke ciyawa ko a kwashe jujin da ke bayan katanga ba, kuma da hannunmu muka ɓoye masa.

Wannan na ƙasar wa za a lissafa?

Ana shigar da duka: ƙasar da abin ya faru, ƙasar rajistar jirgi, ƙasar kamfanin da ke tafiyar da shi, da ƙasar da ta zana shi da wadda ta ƙera shi. Ƙasar da abin ya faru ita ke jagorantar bincike, shi ya sa Saudiyya ta binciki haɗarin Jidda duk da cewa jirgin na Kanada ne fasinjojin kuma 'yan Najeriya. A Najeriya wannan aiki na hukumar NSIB ne, wadda ta gaji AIB. NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, mai sa ido ce, ba ita ke bincike ba.

Don me za mu wahala kan abin da bai kai haɗari ba?

Bambancin haɗari da lamari mai tsanani, wato wanda saura ƙiris ya zama haɗari, sakamako ne kawai. Jirgi ya shiga titi ba izini alhali wani na gudun tashi, suka kuskure juna, lambarsa RI, ita ce lambar abin da ya faru a Tenerife a 1977 inda jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo mutum 583 suka rasu. Rukunai biyar da ICAO ta ware a matsayin mafiya haɗari, wato CFIT, LOC-I, RE, RI da karon jirage a sama, a irin waɗannan rahotanni ake fara ganin alamunsu. Lokacin da ministocin sufurin jiragen sama na Afirka suka haɗu a Abuja a Yulin 2012 suka sa burin rage haɗurran titi da na CFIT, da waɗannan lambobi ne kaɗai za a iya auna ko an cim ma burin.

Ƙasa kaza ta fi yawan haɗurra a rumbun. Ita ta fi haɗari?

Ku raba adadin da yawan tashin jirage tukuna, a kan kowane tashi miliyan ɗaya, sannan ku dawo mu yi magana. Ku kuma tuna cewa kamfanin da rahotannin ƙananan lamurra suka yi yawa a wurinsa sau da yawa shi ne wanda matuƙansa ba sa tsoron faɗin gaskiya. Wanda rumbunsa ya yi shiru shekara guda cur, shi nake fara kai wa ziyara in nemi littafin gyaran jiragensa.