Kundin waƙoƙin jihadi da ke gidanku: me doka ta ce a kan sayar da shi?

A gidajen malamai da yawa a Sakkwato da Gwandu akwai gafaka rataye ko ajiye cikin adaka, cike da takardun da suka yi ja don tsufa. Wasu kwafe-kwafen waƙoƙin jihadi ne: baitocin Abdullahi ɗan Fodiyo a kan yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, ko waƙar Nana Asma'u a kan nasarar Gawakuke ta 1836. Idan mai gidan ya rasu aka zo rabon gado, sai wani ya ce a kai wa dillali a raba kuɗin. A nan ne doka ke shigowa.

Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, mai lamba 77 ta 1979, ta sa rubutun hannu cikin kayan tarihi, muddin asalinsa na Najeriya ne kuma an yi shi kafin 1918. A lura, shekarun takardar ake dubawa. Waƙar da aka tsara a 1804 amma wani almajiri ya kwafe ta a 1950 ba ta cika wannan sharaɗi na shekara ba.

Dokar ba ta ƙwace kundin daga hannun magada ba. Naku ne, ku ajiye, ku karanta, ku gadar wa 'ya'ya. Ciniki ne ta ɗaure. Ba a sayar da kayan tarihi sai ga wakilin da hukumar ta amince da shi, kuma mai saye ma yana da laifi idan ba wakili ba ne. Fita da shi waje, ko da Nijar ce da ke nan kusa ta Illela, sai da takardar izinin hukumar. Hukuncin cinikin haram shi ne tarar naira 2,000 ko ninki 5 na darajar abin, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin shekara 3. Naira 2,000 a yau abin dariya ne, ninkin da ɗaurin su ne haƙoran dokar.

Kalmomin waƙar kuwa wata doka ce ke kula da su. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 tana kare rubutu har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Nana Asma'u ta rasu a 1864, don haka baitocinta na kowa ne. Riƙe takardar bai ba ku ikon hana wani rera waƙar ko buga ta ba. Abin da kuke da iko a kansa shi ne wa zai shigo ɗaki ya ɗauki hotonta, da bisa wane sharaɗi, kuma gara a rubuta sharaɗin kafin a buɗe gafakar. Fassara da sharhi na zamani, irin aikin da Jean Boyd da Beverly Mack suka wallafa a 1997, suna da nasu haƙƙin dabam.

A ganina gara da ɗigar damina sun fi dillalai cin waɗannan takardu, kuma babu sashen doka da ya hukunta su. Wanda ba zai iya adanawa ba, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a cikin garin Sakkwato. Ya tabbata an rubuta a takarda ko ajiya ya bayar ko kyauta, domin wanda ya ba da kyauta ba ya dawowa ya karɓa.