Deksametazon da ƙullutun saman ƙoda a jikin ɓera

Deksametazon magani ne da aka fara haɗawa a 1957, dangin kotizol, wato homon (sinadarin saƙo a jini) da jikin mutum ke fitarwa lokacin damuwa, amma ya fi kotizol ƙarfi kusan sau 25. A Maraɗi ana samunsa a farmasi, har da tiren masu tallar magani. Masu bincike kan ba ɓera shi don su ga yadda ƙullutun saman ƙoda, wato adirinal, ke tsayar da aiki.

Idan ɓera ya firgita, ƙwaƙwalwarsa kan saki homon mai suna CRH, shi kuma ya tayar da ƙullutun fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ya zuba wani homon, ACTH, cikin jini, sannan ACTH ya sa ɓawon adirinal ya fitar da homon ɗin damuwa. Na mutum kotizol ne, na ɓera kuwa kotikostiron, don haka duk wanda ya auna kotizol a jinin ɓera ya yi asarar kayan aiki kawai.

Da maganin ya shiga jini, sai fituwitari ya ɗauka homon ya wadata, ya rage ACTH. Cikin ƴan awoyi kotikostiron ya faɗi ƙasa warwas. Idan aka ci gaba da allura kwana da kwanaki, tsakiyar ɓawon adirinal takan motse saboda babu mai sa ta aiki, nauyin ƙullutun ya ragu. Shimfiɗar waje mai yin aldostiron, homon mai daidaita gishiri a jiki, ba ta cika taɓuwa ba, domin sinadarin renin daga ƙoda ne ke tafiyar da ita. Ɓeran kansa ramewa yake yi, ƙullutun taimos na ƙirjinsa ya shanye.

Wurin ɗibar jini ne gwajin ya fi lalacewa. Ɓera da dare yake yawo, saboda haka homon ɗinsa kan yi ƙasa da safe, ya kai ƙololuwa dab da duhu. Dole a ɗebi jinin kowane rukuni, wanda aka ba magani da wanda ba a ba ba, a lokaci guda. Dole kuma a gama cikin minti 3 da taɓa kejin, in ba haka ba tsoron hannun mai gwaji za a auna, musamman a ɓerayen da ba a ba maganin ba.

Idan aka yanke maganin farat ɗaya bayan dogon lokaci, adirinal da ya motse ba ya farfaɗowa nan take. Haka yake ga mutum ma: mai shan sa don ƙiba, in ya daina kwatsam, yana iya fama da kasala, amai da faɗuwar matsin jini, har ta kai ga rasa rai. Shi ya sa likita ke rage shi kaɗan-kaɗan.