Wane irin jaket ɗin fata ne ke karɓar fenti?

Kowace fata ce ake iya yi wa zane da fenti?

A'a. Wadda ta fi dacewa ita ce fata ta gaske mai santsi. Fatar saniya tana da kauri da tauri, takan kai milimita 1.2 a jaket ɗin masu babur, shi ya sa ba ta motsi a ƙarƙashin burushi. Fatar ɗan rago laushi gare ta da daɗin sawa, amma tana miƙewa, kuma duk inda fata ta miƙe, fenti mai kauri sai ya dare. Mai koyo ya fara da ta saniya ko ta akuya. Fata mai gashi-gashi kamar karan-miski kuwa rini take so, fenti daskarar da ita yake yi ta koma kamar kwali.

Ta yaya zan gane za ta riƙe fentin tun kafin in saya?

Nan ne aikin yake. Ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a cikin kwala, inda ido ba ya gani. In ya nutse wurin ya yi duhu, fatar a buɗe take, za ta sha fenti sosai. In ya tsaya ya dunƙule, akwai shafin masana'anta a kanta, wanda ake iya gogewa. Sai kuma ka lanƙwasa fatar da yatsu biyu: in launin ya yi haske a wurin lanƙwasar, ko ka ji maiƙo a hannu, an ƙosar da ita da mai ko kaki. Irin wannan a haƙura da ita komai kyanta, domin man zai ci gaba da tasowa daga ciki yana ture fentin.

Duba bayan rigar ma. Baya mai falle ɗaya ya fi wanda ɗinki ya ratsa tsakiyarsa, saboda fenti kan taru a ramin ɗinki ya fashe.

Sabo ko na gwanjo?

Na gwanjo ya fi, don fatar ta gama miƙewa ta zauna. Sai dai a shinshina: warin fumfuna da wuya ya fita. A ja fatar a hankali wajen gwiwar hannu da hammata, in ƙananan tsaga suka bayyana, ta riga ta bushe ta mutu.

Fatar roba fa?

Tana karɓar fenti, amma saman nata kan ɓare bayan 'yan shekaru ya tafi da zanen. Kada asiton, sinadarin nan na goge fentin farce, ya taɓa ta, narkar da ita yake yi.

Baƙi ko mai haske?

Baƙi na fito da zane ƙwarai, da sharaɗin a fara shimfiɗa farin fenti shafi 2 ko 3 a ƙarƙashin ja, rawaya da ruwan lemo. In ba haka ba, launin zai fito a dushe.

Bayan an zaɓa, me ya rage?

A goge wurin zanen kaɗai da auduga da sifirit, ko da ruwan cire sheƙi na masu fentin fata, har sheƙin ya dushe, a wuri mai iska. A sa kwali a cikin rigar, a rufe zif da maɓallai da tef ɗin takarda, a zana siffar da alli. Fentin akirilik na fata ake so, irin na kamfanin Angelus, don yana lanƙwasuwa tare da fatar. Shafi siriri 3 zuwa 5, da tazarar minti 20 zuwa 30 a tsakani. Gaggawar rufe launi da shafi ɗaya mai kauri ita ce ta fi lalata aiki. Bayan awa 24 a shafa ruwan kariyar fenti sau 2, a rataye rigar kwana 2 kafin a sa.