Ƙarin neuroendokirin a cikin yara: abin da iyaye a Damagaram ke tambaya

Wane irin ƙari ne?

Daga ƙwayoyin da ke fitar da sinadarin homon a hanji da pankireyas (gaɓar da ke bayan tumbi, mai daidaita sukarin jini) yake tsirowa. Ba kasafai yake kama yara ba, in ya kama kuwa, apandis ya fi zama, guntun hanjin nan na ƙasan ciki ta dama.

Yaya ake gane shi?

Galibi ba shi aka je nema ba. Yaro ya zo da apandisit, wato kumburin apandis, an yi masa aiki, sai wurin awon nama a tarar da ɗan ƙululu rawaya a bakin apandis, wani bai kai ƙwayar gujiya ba. Don Allah kada a jefar da abin da aka cire. A saka shi a formol 10%, ruwan da ke hana nama ruɓewa, ruwan ya ninka naman sau 10, a aika awo ko da sai Yamai. Iyaye kuma su koma karɓar sakamako, ko yaro ya miƙe yana ƙwallo.

Sai an sake fiɗa?

Da wuya. In bai kai santimita 1 ba kuma an cire shi duka, magana ta ƙare. In ya haura santimita 2, ko an bar saura, likitoci kan duba yiwuwar cire ɓangaren dama na babban hanji. A takardar awon a nemi Ki-67, ma'aunin saurin girman ƙarin: ƙasa da 3% na nufin mai girma a hankali.

Na pankireyas fa?

Nan ake shan wahala. Insulinoma, ƙarin da ke fitar da insulin (homon mai rage sukari) fiye da kima, kan zubar da sukarin jini: da asuba ko cikin azumi matashi ya yi gumi, ya rikice, ya faɗi, a ce farfaɗiya ce ko iska. Da ya sha ruwan sukari sai ya dawo hayyacinsa. A lokacin da abin ya taso za a ɗebi jini; sukari ƙasa da 0,55 g/L alhali insulin bai sauka ba, babbar shaida ce. Daga nan sai hoton sikana, sannan fiɗa. Gastirinoma kuwa, ƙarin da ke fitar da gastirin (homon mai ƙara asid a tumbi), yakan jawo gyambon ciki mai dawowa, da zawo. Duk wanda aka samu, a binciki dangi, domin ciwon gado MEN1 kan kawo su.

Me ke ɓata awo?

Omeprazol, maganin gyambon ciki, na ɗaga gastirin da kuromogiranin A, sinadaran da ake aunawa a jini don gano ƙarin, a sanar da likita in yaro na sha. Kafin tara fitsarin awa 24 na awon 5-HIAA, wani sinadarin da kan ƙaru in akwai ƙarin, a bar ayaba, abarba da tumatir kwana 3.