Wai Alhaji ya sayi kogi? Ga abin da doka ta ce kan gandun bakin ruwa

Tun satin da ya wuce ake ta turo min wani odiyo a WhatsApp, wani bawan Allah yana ta rantse-rantse wai duk mai gona a bakin kogi ya yi maza ya saida, don gwamnatin tarayya za ta ƙwace mita 100 daga bakin ruwa ta ba makiyaya. Ana cikin haka sai ga wani labarin daga can wajenmu a gaɓar Binuwai, wani attajiri ya sayi makeken fili ya zuba shanun madara, ya gina gidan shaƙatawa inda yake zuwa hutu da iyalinsa, ya ja waya tun daga titi har cikin ruwa, masu gadinsa suna ce wa masunta da masu zuwa shayar da dabbobi wai nan duka na Alhaji ne har kogin. Duka biyun ba haka doka ta ce ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne tsoron da odiyon nan ke sa wa mutane shi ne zai sa talaka ya saida gonar gado a wulaƙance, kuma irin su Alhajin nan ne za su saya.

Mu fara da ƙasar kanta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda aka yi zamanin mulkin soja na Obasanjo, ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake riƙewa izinin zama ne da amfani, ko da C of O, wato takardar shaidar izinin fili, ce a hannunka, ita ma galibi shekara 99 ake rubutawa. A karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin, kuma sashe na 6 ya yi mata iyaka, ba za ta ba mutum fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai gwamna ya yarda. Cinikin da aka yi ba da amincewar hukumar da ta dace ba kuwa sashe na 26 ya ce ba shi da tasiri a doka, ko da dagaci da shaidu goma sun sa hannu. Wannan ya shafi kowa, manomi da makiyayi da mai kamfani.

To ruwan fa? Ba ya cikin cinikin ko kaɗan. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ce duk ruwan da ya ratsa fiye da jiha ɗaya ikonsa na gwamnatin tarayya ne, kuma sashe na 2 ya ba kowa damar ɗibar ruwa kyauta don amfanin gida ko shayar da dabbobinsa daga wurin da jama'a ke iya isa, ya kuma yarda a yi kamun kifi a tuƙa kwale-kwale. Mai filin da ya yi iyaka da kogi shi ma yana da nasa haƙƙin, zai ɗiba kyauta don gida da dabbobi da ban-ruwan gonarsa. Kenan masuncin da ya biyo ta cikin ruwa da komarsa ya wuce ta gaban gidan shaƙatawar Alhaji bai shiga gonar kowa ba. Amma kar wani ya ɗauki wannan ya je ya yanke wayar mutane, dokar cewa ta yi wurin da jama'a ke da hanyar isa, ba ta ce ka keta ta tsakiyar gandun wani da garkenka ba. Nan ne gizo ke saƙar, don in mai kuɗi ya saye duk gaɓar ya rufe to ina hanyar isar ta rage? Ni a ganina duk hukumar da ta sa hannu aka ba mutum ɗaya filin da ya haɗiye mashaya da burtali ba ta yi adalci ba, ko da takardun sun cika. Tun 1965 Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo saboda irin wannan, kuma tun muna yara malamai ke karanta mana cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta.

Yanzu ga maganar mita 100 ɗin da ta hana mutane barci. Ba sabuwar doka ba ce jama'a, tana nan tun 1997 a cikin dokar da ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa wato NIWA, mai hedikwata a Lokoja. Kuma ba kowane rafi ko ƙorama ta shafa ba, akwai jerin ruwayen da aka ayyana a matsayin hanyoyin ruwa na tarayya, irin su Neja da Binuwai da kogin Kaduna da Gongola da Taraba da Katsina-Ala da na Sakkwato. In gonarka a bakin wata ƙoramar ƙauye take wadda ba ta cikin jerin, wannan sashen bai san da zamanka ba.

Sannan abin da yawancin masu yaɗa maganar ba su karanta ba, mita 100 ba ita ce ainihin ma'aunin ba. Sashe na 12 cewa ya yi yankin da hukumar ke da iko a kai shi ne duk inda ruwa zai shafe a gaɓa biyun idan aka yi babbar ambaliya irin wadda ake lissafin zuwanta sau ɗaya a shekara 100. Mita 100 ana amfani da ita ne kawai inda gaɓar ke da tsayi, ruwa ba ya haurowa ko ya cika. To kun ga a shimfiɗaɗɗiyar fadama yankin zai iya wuce mita 100 nesa ba kusa ba, duk wanda ya ga inda ruwa ya kai a 2012 da 2022 daga Numan har Makurɗi da Lokoja ya san abin da nake nufi. Shi kansa wannan lissafin na shekara 100 ana yi masa mummunar fahimta, ba wai in an yi bana shi kenan sai jikokinka za su sake gani ba, ma'anarsa a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 1 cikin 100 a yi irinta, tana iya zuwa bana ta dawo baɗi.

Ba zan ɓoye muku ba, sashe na 13 ya ce hukumar tana da haƙƙi a kan ƙasar da ke cikin wannan yankin, amma ya ɗaure ta da manufa ɗaya, zirga-zirgar jiragen ruwa. Babu inda aka ambaci raba wa makiyaya ko wata ƙabila. Abubuwan da aka hana sai da rubutaccen izini su ne tare hanyar ruwa, ɗibar yashi da tsakuwa da dutse, yin gini na dindindin, da karkatar da ruwan. Ku duba jerin nan da kyau ku gaya min wa ya fi shafa, mai shuka shinkafa da albasa a fadamar kakansa, ko mai gina gidan sama a bakin ruwa da matsayar jirgin shaƙatawa, ya haƙa babban lambatu ya janyo kogi cikin gandunsa, ya kafa turakun ƙarfe cikin ruwa? Wayar nan da ta shiga kogi ita ce ya kamata a tambayi takardar izininta. Kuma kar mai gandu ya ce ai gwamna ya ba ni, a watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da aka daɗe ana yi da jihar Legas cewa ikon waɗannan hanyoyin ruwa na tarayya ne.

Na san inda mai odiyon ya samo zancensa. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa ne da aka yi ta kai ruwa rana a kansa zamanin Buhari, wasu suka ce hanya ce ta dawo da shirin Ruga na tsugunar da makiyaya ta bayan fage, ya sha fita yana dawowa har majalisar dattawa ta ƙi amincewa da shi a watan Yunin 2023, wa'adin waccan majalisar ya ƙare bai zama doka ba. Tsohon zance ne aka yi wa sabon ɗumame.

Inda nake ganin dokar ta gaza kuwa shi ne diyya. Gwamna zai iya soke izinin fili don amfanin jama'a a ƙarƙashin sashe na 28 na dokar amfani da ƙasa, kuma abin da ake biya shi ne abin da ka aza a kan ƙasar, gini da itatuwa da amfanin gona, ba darajar ƙasar ba. Mai gandu da ya zuba gine-gine zai karɓi kuɗi masu kauri in gininsa na da izini, mai fadamar da ba komai a kai sai shinkafar bana shi zai tashi da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, alhali shi ne ya fi dogaro da wurin.

Wani ƙanen babana ya kira ni shekaranjiya, dillalai sun zo masa da tayi kan fadamarsa suna ce masa gara ya karɓa kafin gwamnati ta zo. Na ce Baba ƙarami don Allah kar ka sa hannu a komai, ka ce su kawo maka takardar da aka rubuta za a ƙwace. Har yau ba su dawo ba, shi kuma mun yi da shi ranar Litinin zai je ofishin filaye na ƙaramar hukuma ya fara neman takardar fadamar da sunansa.