Ƙwayoyin Hanji da na Baki da Cututtuka Masu Bijire wa Magani a Asibiti

An ƙiyasta cewa jikin babban mutum yana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Baki ma yana da nasa, jinsi kusan 700. Galibinsu ba sa cutarwa, hasali ma gadi suke yi: sun mamaye wuri, sun cinye abincin da ke nan, baƙuwar ƙwaya ba ta samun gindin zama.

Kwanciya a asibiti ita ke rusa wannan gadi. Antibayotik mai faɗin aiki kan mai uwa da wabi yake yi, yana kashe masu amfani tare da masu cutarwa. Waɗanda suka tsira, irin su Enterococcus da ba ya jin antibayotik ɗin vancomycin da Klebsiella pneumoniae da ba ta jin antibayotik ɗin carbapenem, sai su yi kane-kane a hanji. Majinyaci kan ɗauke su ba tare da wata alama ba, har ranar da tiyata ko maganin kansa zai raunana bangon hanjinsa, su kutsa cikin jini. Abin takaici shi ne sau da yawa cutar daga cikin mutum take tasowa, kuma maganinta ya yi ƙaranci. A 2019 bijirewar bakteriya ga magani ta yi ajalin mutum kimanin miliyan 1.27 kai tsaye a duniya.

Baki ne aka fi sakaci da shi. Wanda ke kan na'urar numfashi bakinsa a buɗe yake wuni, yawu ya ƙafe, datti ya daskare a haƙora. Cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin asibiti sun maye gurbin na asali, sai majina mai ɗauke da su ta riƙa zurara ta gefen bututun numfashi zuwa huhu, ta haifar da nimoniya. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke goge wa irin wannan majinyaci haƙora, suna ɗaga kan gadonsa digiri 30 zuwa 45.

A ɓangaren hanji kuwa, babban mataki shi ne taƙaita antibayotik da wanke hannu. Ana kuma dasa ƙwayoyin bahayar mai lafiya a hanjin wanda gudawar da ƙwayar Clostridioides difficile ke haddasawa take yawan dawo masa. Wani gwaji da aka yi a Amsterdam, aka wallafa a 2013, ya nuna dashen ya fi vancomycin aiki nesa ba kusa ba.