Nakba da Raba Falasɗinawa da Ƙasarsu

Nakba, wato babbar masifa da Larabci, ita ce sunan da Falasɗinawa suke kiran abin da ya same su tsakanin 1947 da 1949, lokacin da fiye da mutum 700,000 suka gudu ko aka kore su daga yankin da ya zama Isra'ila, kuma ƙauyuka sama da 400 suka zama kufai. A kowace shekara ana tunawa da ita ranar 15 ga Mayu.

Tushen lamarin yana cikin aƙidar Sahayoniyanci, wadda Theodor Herzl ya shirya mata babban taron farko a birnin Basel a 1897, da nufin samar wa Yahudawan da ake tsangwama a Turai gida a Falasɗinu. A 1901 aka kafa Asusun Ƙasa na Yahudawa domin sayen filaye, bisa sharaɗin cewa filin da ya shiga hannunsa ba zai sake fita daga hannun Yahudawa ba. Da yawa daga cikin manyan filayen daga attajiran da ke zaune a waje aka saye su, kamar zuriyar Sursuk ta Beirut da ta sayar da kwarin Marj Ibn Amir, sai aka tashi manoman da suka gaji noman wurin kaka da kakanni. Sanarwar Balfour ta 1917, wadda a cikinta Birtaniya ta goyi bayan samar wa Yahudawa gida a Falasɗinu, da mulkin Birtaniya da ya biyo bayanta sun buɗe ƙofar ƙaura sosai, amma duk da haka, zuwa 1947 abin da Yahudawa suka mallaka bai wuce kashi 7 cikin 100 na ƙasar ba, alhali su ne kusan sulusin jama'a.

A ranar 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 181 na raba Falasɗinu tsakanin Yahudawa da Larabawa, wanda ya ware wa ƙasar Yahudawa kusan kashi 55 cikin 100. Shugabannin Sahayoniya suka amince, Larabawa kuwa suka ƙi, suna ganin an raba musu gida ba da yardarsu ba. Faɗa ya ɓarke nan take. A ranar 9 ga Afrilu 1948 mayaƙan ƙungiyoyin Sahayoniya na Irgun da Lehi suka kashe mutum sama da 100 a ƙauyen Deir Yasin, labarin da ya jefa tsoro a zukata ya sa ƙauyuka da dama suka watse. Kafin a ayyana kafa Isra'ila ranar 14 ga Mayu, kafin kuma sojojin ƙasashen Larabawa su shigo, yawancin Larabawan Haifa da Yafa sun riga sun fice. A watan Yuli aka kori dubun-dubatar mutanen Lidda da Ramla, yawancin na Lidda da ƙafa cikin zafin rana, wasu suka mutu a hanya saboda ƙishirwa. Da aka tsagaita wuta a 1949, Isra'ila tana riƙe da kusan kashi 78 cikin 100 na ƙasar.

Masana tarihi sun daɗe suna jayayya kan ko akwai shiri guda na korar jama'a tun farko, ko kuwa yaƙi ne ya zo da hakan a wurare daban-daban. Abin da babu jayayya a kansa shi ne hana komawa, kuma wannan ne ya mai da gudun hijirar makonni ya zama rabuwa ta tsawon rai. Tun a watan Yunin 1948 gwamnatin Isra'ila ta tsayar da shawarar cewa 'yan gudun hijira ba za su dawo ba, kuma ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 194 na Disamba 1948, da ya ce a bar masu son zaman lafiya da maƙwabtansu su koma gida, bai taɓa aiki ba. A 1950 aka kafa dokar kadarorin waɗanda ba sa nan, wadda ta damƙa gidaje da gonakin zaitun da lemo a hannun wani wakilin gwamnati. Dokar ta shafi har waɗanda ba su bar ƙasar ba, in dai sun taɓa matsawa daga ƙauyensu lokacin yaƙin, har mutum ya kasance yana hango gonarsa amma doka ta ƙidaya shi cikin waɗanda ba sa nan. A shekarar ce kuma aka ba kowane Bayahude a duniya 'yancin zuwa ya zauna. Hukumar UNRWA ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da Falasɗinawa 'yan gudun hijira, da aka kafa a 1949, tana da rajistar 'yan gudun hijira da zuriyarsu kusan miliyan 6, a Jodan, Labanon, Siriya, Zirin Gaza da Yammacin Kogin Jodan, inda iyalai da yawa suke adana makullan gidajen da suka baro.

Yaƙin Yunin 1967 ya ƙara wa Isra'ila Yammacin Kogin Jodan, Gabashin Ƙudus, Gaza, Tuddan Golan da Sinai, ya kuma tarwatsa wasu kimanin 300,000, cikinsu har da waɗanda hijira ta biyu ke nan gare su. An rushe Unguwar Magariba da ke gefen Masallacin Ƙudus, an kuma share ƙauyukan Imwas, Yalu da Beit Nuba. Daga nan salon ya koma na matsugunan 'yan kama-wuri-zauna, inda ake ƙwace fili da sunan buƙatar soja, ko a jingina da dokar filaye ta Daular Usmaniyyar Turkiyya ta 1858 a ce gonar da aka daina nomawa ta gwamnati ce. Yarjejeniyar Oslo ta 1995 tsakanin Isra'ila da shugabannin Falasɗinawa, da matakan da suka biyo bayanta, sun bar kusan kashi 60 cikin 100 na Yammacin Kogin Jodan a ƙarƙashin cikakken ikon Isra'ila, kuma a can da wuya Bafalasɗine ya sami izinin gini, in ya gina kuma a rushe. Mazauna matsugunan, haɗe da na Gabashin Ƙudus, sun haura 700,000. Kwamitin Sulhu a ƙuduri mai lamba 2334 na 2016 ya ce matsugunan sun saɓa wa dokar duniya, sannan a Yulin 2024 Kotun Duniya ta bayyana ra'ayinta cewa zaman Isra'ila a yankunan haramtacce ne, matsayin da gwamnatin Isra'ila ta yi watsi da shi.